Likita Da Ɗakin Gwaji: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Jama'a, sau nawa muke gunaguni in likita ya ce sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji? Wai ɓata lokaci ne.

A 1958 wani likitan fiɗa a Kampala, Denis Burkitt, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi mai kashe yara. Likitocin gwaji ne suka duba naman da madubi, suka tabbatar sankarar kaluluwa ce. Tana girma da sauri ƙwarai, amma tana jin magani. A gida kuwa, sai mu ce hangum ne ko ciwon haƙori.

Mai gwaji bai ga yaron ba. Bayanin da likita ya rubuto masa shi ke yi masa jagora, likita kuma daga bakinmu ya ji. In muka ɓoye wata nawa kumburin ya yi, mun ɓatar da su duka biyu.