Ninja Gaiden: Abin da ya sa gem ɗin nan ke wahalar da mutane, da yadda za ka ci shi a wayarka

Yau za mu ɗan ajiye zancen sabbin wayoyi mu koma kan wani tsohon gem da ya girmi yawancinmu, wato Ninja Gaiden na na'urar NES. Kamfanin Tecmo na ƙasar Japan ne ya fitar da shi a watan Disambar 1988 da sunan Ninja Ryukenden, ya isa Amurka a 1989, a Turai kuma aka sayar da shi da sunan Shadow Warriors. Girmansa bai kai hoto ɗaya da kyamarar wayarka ke ɗauka ba, amma har yau idan ana lissafa gem masu wuya sai an ambace shi.

Labarinsa gajere ne. Kai ne Ryu Hayabusa, matashin ninja da mahaifinsa ya bar wa wasiƙa cewa ya ɗauki takobin gidansu ya tafi Amurka ya nemi wani mai binciken kayan tarihi, Walter Smith. Daga nan magana ta kai shi har dajin Amazon, wajen wani mugu da ake kira Jaquio. Babi shida ne, kuma tsakaninsu ana nuna labarin da zane kamar fim, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Da yawa daga cikinmu ba a ainihin NES muka san shi ba. A irin na'urorin nan na kwaikwayo muka buga shi, masu kaset ruwan ɗorawa da ake rubuta wa dubban gem a jiki, ka kunna ka tarar guda goma ne ake ta maimaitawa. A gidanmu hannu ɗaya ne mai lafiya, don haka doka ita ce wanda ya mutu ya miƙa wa na gaba. Gem ɗin ba ya ajiye inda ka tsaya. In aka ɗauke wuta kana babi na biyar, shi ke nan, gobe sai daga titin farko.

To me ya sa yake da wuya haka? Sai da na fara rubuta manhaja na fahimci abin da ke faruwa a bayan allo, kuma wannan fahimtar ta fi kowace dabara amfani.

Na'urar NES tana da RAM kilobait 2 kacal. Wayar da ke hannunka, ko ta gigabait 4 ce, ta ninka wannan sau miliyan biyu. Da irin wannan ƙaramar ma'adana ba zai yiwu gem ya riƙe duk abokan gaba na mataki guda a lokaci ɗaya ba. Abin da masu shi suka yi shi ne, kowane abokin gaba an ba shi wani gurbi a taswira. Duk sanda gefen allo ya taɓa wannan gurbin, sai a haifo shi. Gem ɗin kuma ba ya tuna cewa ka riga ka kashe shi. Shi ya sa za ka sare mutum, ka ɗan ja baya taku ɗaya, ka dawo ka same shi tsaye yana jiranka. In ma ka yi rashin sa'a ka tsaya daidai inda gefen allo ke kan gurbin, kana kashewa wani na fitowa, har lokacinka ya ƙare.

Abu na biyu shi ne wurgi. Duk abin da ya taɓa Ryu, sai ya yi tsalle da baya, kuma a wannan ɗan lokacin maɓalli ba ya jin maganarka. A fili wannan ba komai ba ne. Amma masu tsara gem ɗin sun san abin da suke yi, domin sun jera gurbin tsuntsaye daidai bakin ramuka. Kana tsakiyar tsalle shaho zai fito, ya taɓa ka, ka faɗa rami da jininka cike. Duk wanda ya buga gem ɗin zai gaya maka ramuka sun fi abokan gaba cinye masa rai.

Idan ka haɗa waɗannan biyun, dabarar farko ta fito da kanta: ka riƙa tafiya gaba. Ɗari-ɗari da ja da baya, wanda ke taimako a wasu gem, a nan shi ke kashe mutum, saboda duk komawa baya sake haifo abin da ka kashe ne. Gurbin nan ba sa canzawa, abin da ya fito maka yau a wuri kaza shi zai fito gobe. Ka ɗauki kowane mataki kamar hadda. Zuwan farko da na biyu na kallo ne, ka lura a wane dutse tsuntsu ke fitowa, daga wane gefe. A na biyar hannunka zai sare shi kafin idonka ya gama ganinsa. Masu tseren gama gem suna kammala shi gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 12, kuma da wannan haddar suke yi.

Wannan dokar ta gefen allo tana iya yi maka aiki ma. Abokin gaban da ya fita daga allo, gem ya manta da shi. Akwai wuraren da wani ke tsaye a ɗan ƙaramin tudun da dole ka sauka a kai, yana jifa. Maimakon ka yi tsalle ka faɗa masa, matsa a hankali har ya zo gab da gefen allo, ka jira ya taka ya fice da kansa. Sau da yawa sai ka ga wurin ya zama wayam.

Game da tsuntsaye, kar ka tsaya kana kai musu sara ta ko'ina. Suna wucewa ne su juyo da gudu. Ko dai ka sare shi a zuwan farko, ko ka tsallake shi ka ci gaba da tafiya.

Sai bango. Ryu yana manne wa bango amma ba ya hawa, sai inda akwai tsani. A Ninja Gaiden II ne aka ba shi hawa. Don ka bar bango, danna ɓangaren da ke nesa da shi tare da A. In bango biyu ne suna kallon juna, sai ka yi ta tsalle tsakaninsu har sama. Ka kware a wannan tun a babin farko inda babu matsi.

Makamai na musamman suna cikin fitilu da sauran abubuwan da ke rataye a hanya, ana harba su da sama da B, kuma suna cin makin ƙarfi. Ƙaramin tauraro yana cin 3, babban da ke tafiya ya dawo yana cin 5. A ganina wanda ya fi duka shi ne saran juyi, wanda Ryu ke wulwulawa da takobi a sama. Yana iya gama bos cikin tsalle ɗaya ko biyu. Matsalarsa ita ce duk saran da ka yi a sama yana cin maki 5, sai dai in ka riƙe ƙasa lokacin saran, sai ya yi sara na yau da kullum. Kuma da zarar ka same shi, ka daina ɗaukar duk abin da ya faɗo, domin sabon makami yana maye gurbin na hannunka.

Bos na babi na biyar, Bloody Malth, yana jefa tartsatsin wuta mai wuyar kaucewa. Ka iso da jini cike, ka matse shi, ka yi ta sara. Shi zai riga ka faɗuwa.

Inda mutane ke ajiye hannu su tashi shi ne babi na shida. Mataki na 6-2 ya tara duk abin da muka lissafa a wuri ɗaya: ramuka, tsuntsaye, masu tashi sama suna jifa. Bayan ka sha wannan ka wuce 6-3, akwai bos uku a jere, kuma in ɗayansu ya kashe ka, 6-1 za a mayar da kai. Ni dai ina ganin wannan hukuncin ya yi yawa. Sauƙin da ke ciki shi ne damar ci gaba ba ta da iyaka, kuma bos ɗin da ka kashe ba ya dawowa. Don haka kowane zagaye ka sa burin kawar da guda ɗaya, ka kuma yi ƙoƙarin isowa da saran juyi a hannu.

Yanzu batun waya. Ana buga gem ɗin NES a Android ta manhajar kwaikwayo, wato emuleta, irin su RetroArch. Masu Nintendo Switch kuma suna da shi a cikin tsarin Nintendo Switch Online, wanda ita ce hanyar da masu gem ɗin suka amince da ita. Amma ka sani, maɓallan kan gilashi ba su dace da wannan gem ba. Yana tafiya ne a hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma yatsan da ba ya jin gefen maɓalli zai riƙa zamewa daidai lokacin tsalle. Nemi hannun gem, na Bluetooth ko mai waya ta OTG. Mai waya ya fi saurin amsawa. Ka kashe yanayin tattalin batir, domin yana rage gudun waya, sannan in kana RetroArch ka gwada kunna Run-Ahead, yana rage jinkirin da ke tsakanin dannawa da motsi.

Emuleta na ba ka damar ajiye wasa a duk inda kake so. Wasu na ganin wannan ha'inci ne. Shawarata ita ce ka ajiye a farkon 6-2 ka maimaita shi sau ashirin ko talatin har ya zauna, ka yi haka a gaban kowane bos na ƙarshe. In ka ga kana wuce su ba tare da ka rasa rai ba, sai ka goge ajiyar ka faro daga babin farko ka tafi a jere.