Bayan Saki, Wa Ya Fi Cancantar Riƙon 'Ya'ya?

A garuruwanmu, da zarar igiyar aure ta tsinke, sai ka ji uba yana cewa, "Ki yaye min ɗana ki kawo shi." Da yawa sun ɗauka hukuncin addini ne, alhali al'ada ce tsagwaronta.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke hukunci da ita, uwa ce ke da haƙƙin reno, wato hadana: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Ko da uwar ta auri bare, riƙon ba ya komawa hannun uba kai tsaye. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwar. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba.

Sai dai wasu matan ma kan mai da yaro makamin ramuwa, su hana uba ko ganinsa. Wannan zalunci ne, domin tarbiyyarsa da karatunsa alhakin uba ne.

Mafita ita ce kafin idda ta cika, waliyyan ɓangarorin biyu su zauna su rubuta: a ina yaron zai zauna, nawa uba zai riƙa bayarwa duk wata, a ina zai yi hutun makaranta da Sallah ƙarama da babba. In an kasa daidaitawa, a je gaban alƙali. Matar aka saka, ba a saki yaron ba.