Gem ɗin da duniya ta zaga, mu kuma muke bugawa a Danko

 Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda suka ce sauraren murya na cinye musu data.

Yau maganar gem za mu yi. Na san wani zai ce yau kuma wasan yara aka koma? Ka ɗan yi haƙuri ka ji inda zancen ya dosa.

Kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida bayan cin tuwon dare, na ce wa ƙanina ya ɗauko wayarsa mu kara a eFootball kamar yadda muka saba. Sai ya ce ai ya goge shi. Na ce waya ce ta cika? Ya ce a'a. Sai da na matsa masa sannan ya ce, "Yaya, wani bidiyo na gani, an ce shi ne gem mafi muni a duniya. Kuma abokina da ya dawo hutu daga Kaduna ya ce 'yan ƙauye ne kaɗai ke buga shi."

Yaron nan shekararsa 15. Ya yi wata da watanni yana haɗa 'yan wasansa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke da gudu, ya san wanda ke da ƙafar hagu. Ranar da ya goge gem ɗin, daɗinsa bai ragu ba ko kaɗan. Kunya ce kawai ta kama shi. Wannan shi ya tsaya mini a rai.

To, bari mu fara da gaskiya, domin mai bidiyon bai yi ƙarya ba. Kamfanin Konami na ƙasar Japan shi ne ke yin gem ɗin ƙwallon da muka tashi muna kira PES, ko Winning Eleven, wanda muka riƙa bugawa a PS2 a gidajen gem, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri. A ranar 30 ga Satumba, 2021, sai suka sauya masa suna zuwa eFootball 2022, suka sauya injin da ake gina shi a kai, suka ce daga yanzu kyauta ne. Abin da ya fito ya ba mutane mamaki. Fuskar Messi da ta Ronaldo sun koma abin dariya a intanet, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya kamar an ɗaure su, 'yan kallo kuma kamar an yanko su daga kwali. Ƙungiyoyi tara kacal za ka iya zaɓa. Master League, inda kake ɗaukar ƙaramar ƙungiya ka raine ta har ta ci kofi, wanda da yawanmu saboda shi muke son PES, babu shi. A Steam, wato babbar kasuwar gem ta masu kwamfuta, waɗanda suka yabe shi a kwanakin farko ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A shafin Metacritic, mai tattara makin masu sharhi, 25 ya samu cikin 100, shi ne na ƙarshe a duk shekarar. Har sai da Konami suka fito suka ba da haƙuri.

Duk wannan ya faru. Abin da mai bidiyon bai faɗa wa ƙanina ba shi ne, makin nan hoton rana ɗaya ne. An ɗauke shi a 2021, a kan kwamfuta. An yi wa gem ɗin babban gyara a watan Afrilun 2022, kuma na waya, wanda mu muke bugawa, sai a watan Yunin 2022 ya iso. Kun ga kenan yaron ya goge abin da ke hannunsa saboda hukuncin da aka yanke wa wani abu daban, a wani lokaci daban. Kamar a ce maka kada ka bi hanyar Zuru zuwa Ribah yau, wai saboda wani ya bi ta da damina shekara uku da suka wuce ya maƙale.

Sai abu na biyu, wanda ni a wurina ya fi girma: wane ne mai ba da makin? Mutum ne da ke zaune a Landan ko Amurka, da PS5 a gabansa, da talabijin mai faɗin ƙofar shago, wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba ya yankewa. A satin da ya gwada eFootball, a satin FIFA 22 ya fito, wanda a lokacin aka riƙa sayar da na PS5 dala 70. Aikinsa shi ne ya jera su ya faɗa wa mai irin kayansa wanne ya fi. Kuma ya yi aikinsa daidai. Sai dai tambayar da ya amsa ba ita ce tambayarmu ba. Mu a Danko tambayarmu ita ce: zai hau wayata kuwa? Nawa zai ci na data? Idan na kai caji shago na biya, zai bar mini batir har dare? Abokaina suna da shi, mu kara? Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin makin nan na 25.

Haka ake yi wa Free Fire. Kamfanin Garena na Singafo ya fitar da shi a 2017, mutum 50 ake zubawa a fili, cikin kamar minti goma an gama. Masu buga PUBG da Call of Duty sun raina shi ƙwarai, wai hotonsa kamar zanen yara. Lokacin da nake jami'a, in aka gan ka da shi sai an yi maka dariya a ɗaki. Amma da gangan aka yi shi mara nauyi, don ya hau ƙaramar waya. Wanda ke zaginsa, in ka bi diddigi, ba gem ɗin yake zagi ba, wayarka yake zagi. Ni ma na taɓa shiga cikin masu dariyar, ba zan ɓoye ba. Sai da na gama bautar ƙasa na dawo gida, babbar wayata ta lalace, na koma ƙarama, sannan na gane abin da nake yi wa mutane.

Su kansu masu sharhin ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wani gem na Japan mai suna Deadly Premonition da ya fito a 2010. Shafin IGN ya ba shi 2 cikin 10, shafin Destructoid ya ba shi 10 cikin 10. Gem ɗaya, shekara ɗaya. Ɗaya ya dubi munin hoto da wahalar sarrafa shi, ɗaya ya dubi labarin da mutanen ciki. Wa ya yi ƙarya a cikinsu? Babu.

Ni abin da nake samu a eFootball ba a fuskar Messi yake ba. Yadda ƙwallo ke da nauyi a ƙafa, yadda sai ka yi haƙuri ka gina wasa daga baya kafin ka samu kafa, wannan nake so tun zamanin PES, kuma har yanzu ina jin ɗanɗanonsa. Sannan ga zaman kansa. Ka zo da yamma wajen mai caji ka gani: mai jin C'lela, Bahaushe, Bafulatani, mai zuwa coci, mai zuwa masallaci, an haɗa kai a kan waya ɗaya ana ihu saboda an buga ƙarfe a minti na 90. A wannan yanki namu, da abin da muka gani na tashin hankali a 'yan shekarun nan, duk abin da zai zaunar da samari wuri ɗaya suna dariya ni ba zan raina shi ba.

Amma kada wani ya ɗauka cewa nake yi a toshe kunne. Akwai inda masu sukar suka fi mu gaskiya, kuma a nan ne ya kamata mu saurare su da kyau. Gem ɗin da aka ce kyauta ne, ta wata hanyar yake cin kuɗi. Yawancinsu suna sayar da kuɗin cikin gem, ka saya ka buɗe akwati ba tare da ka san wane ɗan wasa ko wace bindiga za ta fito ba. In ba ka samu wanda kake so ba, ka sake saya. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan akwatin caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin FIFA a ƙasar a farkon 2019. Na san yaron da ya kwashe kuɗin da aka ba shi na sayen taki ya zuba a wani gem, yana neman ɗan wasa guda, bai kuma samu ba. Wannan sukar ta shafe mu fiye da Bature, domin abin da shi yake gani canji ne, mu kuɗin cefanen sati ne. Haka kuma in an ce gem ba ya buɗewa sai da intanet, kamar eFootball na waya, wannan ma magana ce da mai zama inda sabis ke zuwa yana tafiya ya kamata ya sani kafin ya ƙona datarsa wajen sauke shi.

Don haka ni yanzu in na ga ana zagin gem, dalilin nake nema, ba makin ba. In an ce yana cin kuɗin mutane da dabara, ko yana kashe waya, sai in tsaya in ji. In an ce ciyawar filin ba ta yi kyau a babbar talabijin ba, to wannan matsalar mai babbar talabijin ce.

Haka na zaunar da ƙanina na yi masa bayani, kusan yadda na yi muku yanzu. Sharaɗi ɗaya na sa masa: ko sisi kada ya zuba a ciki. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, datar sake sauke shi fa?" Ni na biya. Allah ya taimake shi ya haɗa asusunsa da imel tun farko, 'yan wasansa duk suka dawo. Daren nan ya ci ni 3 da 1, kuma har yanzu gidanmu ba a huta da labarin ba.

Ku faɗa mini gem ɗin da kuke bugawa a ɓoye saboda gudun dariya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.