Mutumin Kirki a Landan: Yadda Zaman Ƙetare ke Sake Ƙera Bahaushe

A laccar da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a shekarar 1974, ya zayyana siffofi goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, daga ciki akwai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Abin lura shi ne kusan dukkansu jama'a ce ke shaidar mutum da su. Bahaushe ba ya kiran kansa mai kirki. Unguwa ce ke kiransa. Tambayar wannan maƙala ita ce: ina makomar wannan ma'auni idan mutum ya sauka a garin da babu unguwar da ta san asalinsa?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano kuma ya biyo bayansa a 1946. Dukansu malaman makaranta ne daga Bauci. Amma abin da kowannensu ya ƙullo daban ne. A 1950 Ɓalewa ya tsaya a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul daga ciki, yayin da Malam Aminu daga baya ya zama jagoran NEPU, wadda ta ƙalubalanci tushen tsarin baki ɗaya. Wannan ya nuna Landan ba ta da hatimi guda da take buga wa baƙo. Tana dai raba shi da idon gida, ta bar shi ya zaɓa.

A yau matsin ya fi fitowa ta fuskar kunya. Sunkuyar da kai gaban babba, wanda tarbiyya ce a Kano ko Katsina, a wajen ganawar neman aiki ana iya fassara shi da rashin amincewa da kai. Takardar neman aiki kanta yabon kai ce, abin da aka hore mu da ƙyamarsa. Na shafe kusan shekara kafin bakina ya iya kiran malamin da ya duba kundin digirina na uku da sunansa gatsau, kuma har yau in na yi sai na ji kamar na zubar da wani abu.

Sai matsin hukuma. Takardar ƙidayar 2021 ta ba Bahaushe gurbin "baƙar fata ɗan Afirka", sunan da bai taɓa buƙata ba a gida. Cikin 'yan Nijeriya mazauna Peckham kuwa, inda Yarabawa suka fi yawa, ɗan Arewa ne. Tun daga dokar 2015 da ta wajabta wa makarantu da jami'o'i aiwatar da shirin Prevent, Musuluncinsa ma ya shiga cikin abin da ake sa wa ido, har wasu iyaye ke koya wa yara tauna magana a aji. Hujjar hukuma ita ce tsaro, amma a ganina illar ita ce takatsantsan ya maye gurbin kunya: ɗaya daga girmamawa take, ɗayan daga tsoro.

Stuart Hall, wanda shi ma baƙo ne daga Jamaika, ya yi bayani a 1990 cewa asali ba abin da mutum ya gada ne kawai ba, har da abin da yake kan zama. Ra'ayin ya dace da iyaye, waɗanda ke da tsohon ma'auni a zuci suna gwada sabon da shi. Bai gama bayyana halin ɗan da aka haifa a Landan ba, wanda ke durƙusawa ya gai da kakarsa ta wayar bidiyo, ta yi masa tambaya da Hausa, ya amsa da Ingilishi.