Ƴan Furitan: sun gudu daga takura, suka je suka kafa tasu

A shekara ta 1630, jiragen ruwa 11 suka taso daga Ingila ɗauke da mutum wajen 700, bisa jagorancin wani lauya mai suna John Winthrop. Suka ƙetare tekun Atlantika, suka sauka a gaɓar Masacusets, cikin ƙasar da ta zama Amurka daga baya, suka kafa garin Boston. Kafin a yi shekara goma, wajen mutum dubu 20 sun bi sawunsu.

Ana ce musu Furitan, wato masu tsarkakewa, domin a ganinsu majami'ar Ingila ba ta gama rabuwa da al'adun Katolika ba. Da sarki Charles na ɗaya da manyan limamansa suka matsa musu lamba, sai suka zaɓi ƙaura. Sun yi imani cewa akwai alkawari tsakaninsu da Ubangiji: in mutum guda ya yi saɓo gari ya yi shiru, fushin Allah zai sauka a kan kowa. Wanda ya gane wannan, ya gane dukan zamansu.

Saboda haka idon maƙwabci bai taɓa barin maƙwabci ba. Doka ba ta yarda gwauro ya zauna shi kaɗai ba, tilas ya shiga ƙarƙashin wani magidanci. Tun 1631, sai namijin da majami'a ta karɓa ke da ikon zaɓen mahukuntan ƙasar. Ko tufafi ba su tsira ba: dokar 1651 ta hana wanda dukiyarsa ba ta kai fam 200 ba yin ado da zaren zinariya ko na azurfa.

Kwana shida na mako na aiki ne. Maza suna saran daji, suna noman masara, wake da kabewa, waɗanda suka koya daga ƴan asalin ƙasar. Mata suna kaɗi, suna dafa sabulu, suna renon ƴaƴa masu yawa. Da rana ta faɗi ran Asabar, aiki ya tsaya cak sai faɗuwar ranar Lahadi. A wasu garuruwa da ganga ake kiran jama'a zuwa ɗakin taro, wani gini na katako wanda babu hoto, babu kayan kiɗa, babu wutar jin ɗumi ko a tsakiyar hunturu. Maza gefe, mata gefe, kowa an ba shi mazauni gwargwadon shekaru da matsayi. Ana yin wa'azi safe da yamma, akwai kuma mai tsaro da doguwar sanda don tayar da masu gyangyaɗi.

Aure ba limami ke ɗaura shi ba, alƙali ne, don a wurinsu sha'ani ne na hukuma. Kotu na iya raba shi, kuma dokar 1641 ta hana miji dukan matarsa. Bikin Kirsimeti, wato Nowel, sun ce ba shi da asali cikin Littafi Mai Tsarki. Daga 1659 zuwa 1681, wanda ya yi shi tarar sule biyar ta hau kansa.

Wannan imani shi ya haifi abin da aka fi yaba musu. Tunda wajibi ne kowa ya karanta Littafin da idonsa, sai suka ɗauki jahilci makamin Shaiɗan. A 1636 suka kafa makarantar da ta zama jami'ar Harvard. A 1642 doka ta ɗora wa iyaye nauyin koya wa yara karatu. A 1647 aka ce duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, wanda ya kai gida 100 ya buɗe makarantar da za ta shirya yara shiga jami'a.

Amma shi ne kuma ya haifi abin da aka fi zarginsu da shi. Roger Williams, limamin da ya ce hukuma ba ta da iko a kan zuciyar mutum, kuma ƙasar ta ƴan asali ce sai an saya, an yanke masa hukuncin kora a 1635. Anne Hutchinson, wadda ke tara mutane a gidanta tana sharhin wa'azi, an kore ta a 1638. Mary Dyer, mabiyar ɗariƙar Kwaka, an rataye ta a Boston a 1660. A 1637, a Mystic, an cinna wa ƙauyen ƙabilar Pequot wuta, ɗaruruwa suka halaka, har da mata da yara.

A 1692 abin ya kai maƙura a Salem. Wasu ƴan mata suka ce an kama su da maita, zargi ya bazu kan mutum sama da 150. Aka rataye 19, wani tsoho mai suna Giles Corey kuma aka danne shi da duwatsu har ya cika.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A watan Janairu na 1697, ɗaya daga cikin alƙalan Salem, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a majami'arsu ta Boston, kowa na kallonsa, limami ya karanta takardar da ya rubuta yana ɗaukar laifin, yana roƙon gafarar Allah da ta mutane. Sai a 1711 hukuma ta wanke sunan wasu daga cikin waɗanda aka yanke wa hukunci, ta biya iyalansu diyya.