Tumatir da Dafin Rumbu: Abin da Masana Suka Gano

Da zarar an cire amfanin gona a ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda masara ta zama babban abin dogaro, sai hankalin manomi ya koma ga rumbu. A nan ne kuwa wani maƙiyi yake ɓuya, watau fumfunar da takan kama masara da gyaɗa idan aka adana su ba su gama bushewa ba. Wannan fumfuna tana fitar da wani dafi mai suna aflatoksin.

An fara gane dafin ne bayan abin da ya faru a Ingila cikin 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu saboda cin tunkuzar gyaɗa. A Kenya kuma, cikin 2004, gurɓatacciyar masara ta hallaka mutum 125. Amma ɓarnarsa ta ɓoye ta fi wannan yawa. Idan ya isa hanta, sai ya rikiɗe ya manne wa sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, ya jirkita tsarinsa. Daga nan ciwon dajin hanta kan taso, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tafasa da tuƙa tuwo ba sa kashe shi.

To, ina ruwan tumatir? Jan launin da ke jikinsa, wanda ake samu har ila yau a kankana da jar gwaba, sunansa laikofin. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da ƙwayoyin halitta a ɗakunan bincike sun nuna cewa yana rage irin wannan lahani, domin yana tare wasu miyagun sinadarai masu cin ƙwayar halitta kafin su yi ta'adi. Abin ban sha'awa shi ne, jiki ya fi amfana da shi idan an dafa tumatir da mai, domin a cikin mai yake narkewa. Ashe miyar dage-dage da matanmu suka saba soyawa ba ta bar komai a baya ba.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. Cikin 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta duba hujjojin da ke cewa tumatir yana hana ciwon daji, ta same su da rauni ƙwarai. Saboda haka kuskure ne babba mai gida ya ba iyalinsa ruɓaɓɓiyar masara don kawai akwai tumatir a miya.

Kariyar da ta tabbata tana gona da wurin shanya: a busar da hatsi sosai a kan tabarma ko tamfol, a tsince mai baƙi-baƙi da wanda ƙwari suka huda. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi bunu.