Wai Sanyi Ba Ya Kama Mai Gudu?

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin 'yan'uwanmu mazauna Ingila, Amurka da Kanada, musamman magidantan da suka ba hamsin baya sannan son motsa jiki ya kama su: wai sanyi ba ya kama mai gudu. Jini na tafasa, in ji su, gumi na zuba, ta ina sanyi zai samu ƙofa? Da wannan gurguwar fahimta ce uba zai ji ɗansa ko 'yarsa sun yi rajistar tseren daji na lokacin dusar ƙanƙara, ya ce shi ma a rubuta sunansa, a tafi tare a dawo tare. Niyyar ba ta da laifi. Maganar ce ƙarya, kuma ta yi ajalin mutane.

Gudun yada-ƙanin-wani da aka sani kilomita 42 ne da ɗoriya. Wanda muke magana a kansa ya haura haka, daga kilomita 50 zuwa ɗaruruwa, a kan duwatsu da fadamu, dare da rana. A Ingila akwai Spine Race da ake yi a watan Janairu tun 2012, kimanin kilomita 430 daga ƙauyen Edale zuwa Kirk Yetholm a Sikotilan. A jihar Minnesota ta Amurka akwai Arrowhead 135, kilomita 217, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, mutum na janye da kayansa a baya.

To, mu duba abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayu, 2021. A lura, watan Mayu ne, ba ma tsakiyar sanyi ba. Mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100, galibinsu da gajeren wando da 'yar shimi. Suna tsakiyar hawan dutse iska ta taso, ruwa da ƙanƙara suka sauko. Mutum 21 suka mutu. A cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar, ɗan shekara 31. Wani makiyayi mai suna Zhu Keming ne ya ja mutum shida cikin kogo, ya hura musu wuta suka rayu. In da gudu na hana sanyi, ai waɗanda ke sahun gaba ne ya kamata su tsira, amma su abin ya fi ci.

Gaskiya ne tsoka in tana aiki tana fitar da zafi. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama. Sai dai wannan wutar tana ci ne muddin ana zuba mata abinci kuma ƙafa na tafiya da sauri. A tseren awa goma sha biyar ko ashirin ba mai gudu tun daga farko har ƙarshe. Za ka gaji, za ka koma tafiya, za ka tsaya ɗaure takalmi. A lokacin ne rigar da ta jiƙe da gumi take juya maka baya. Kowa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa: jikinta ya yi naso, iska ta buge shi, zafin ciki ya fita. Mai gudu da jiƙaƙƙiyar riga a kan tsauni haka yake, ga shi ruwa ya fi iska saurin ɗebe zafin jiki sau ashirin da wani abu. Gumin da ake taƙama da shi, shi ne makamin sanyin.

Da zarar ɗumin cikin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Makyarkyata ce ke fara zuwa. Sai yatsu su ƙi jan zif, harshe ya yi nauyi, mutum ya riƙa tuntuɓe a inda ba dutse. In makyarkyatar ta ɗauke alhali ba a samu ɗumi ba, kada a ce an samu sauƙi, jiki ne ya sallama. Wasu ma a ƙarshe sukan ji kamar zafi ya dame su, su tuɓe tufafi a cikin dusar ƙanƙara. Mafi muni, ƙwaƙwalwa na cikin abin da ke fara taɓuwa, don haka mai abin ba ya sanin yana cikinsa. Ka tambaye shi, ya ce maka lafiya lau.

A nan ne tafiyar uba da ɗa ta fi ta abokai wahala, kuma a nan nake jin haushin wasu iyaye. Ɗan Bahaushe ya tashi bai saba musu da mahaifinsa ba. Yana ganin Baba na tangaɗi, ya ce, "Baba, ko mu ɗan huta?" Baba ya ce, "Kai, wuce mu je, ni da na yi noma a rana kafin a haife ka." Shi ke nan, yaro ya ja bakinsa. Uba kuwa ya gwammace ya faɗi da ya nuna gazawa a gaban wanda ya haifa. Haba Alhaji! Noman rana daban, sanyin Minnesota daban. Shekaru suna rage wa jiki saurin tare sanyi, suna dushe jin ƙishirwa, sanyin kuma na tsuke jijiyoyin jini ya ƙara wa zuciya aiki.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba a cika lura da shi ba. Matashin ya saka tufafi daidai da saurinsa, sai ga shi yana takawa da saurin dattijo, yana tsayawa jira a kowane tudu. Ba ya samar da zafin da ya saba, kunya kuma ta hana shi cewa yana jin ɗari. Sau da yawa shi ne zai fara daskarewa, uban bai sani ba.

Saboda haka a gama magana tun a gida, a gaban uwargida in ya yiwu. Uba ya furta da bakinsa cewa a kan hanya ɗansa na da ikon cewa an tsaya, kuma ba za a ɗauke shi rashin kunya ba. A yanke tun wuri abin da za a yi in ɗaya ya kasa: ba a rabuwa a tsakiyar daji, sai an kai tashar duba 'yan tsere, a danƙa wanda ya gaji a hannun ma'aikata. Kowa ya ɗauki kayansa cikakku, kada a ce tocila ɗaya ko taswira ɗaya ta isa mutum biyu. Duk bayan awa guda a gwada juna: buɗe zif ɗinka ka rufe, faɗa min sunan tashar da muka baro.

Batun tufafi kuwa, auduga kada ta taɓa fata, don tana shan gumi ta riƙe shi. A nemi ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, a yi hawa-hawa, ta waje ta zama mai tare iska da ruwa. A tashi ana ɗan jin sanyi. A cire riga ɗaya kafin hawan tudu, a mayar da ita da zarar an tsaya, ba sai haƙora sun fara haɗuwa ba. Busasshiyar riga da safar hannu na canji su kasance a ƙulle cikin leda. A ci wani abu duk rabin awa ko da ba a jin yunwa. Dabino na da kyau, amma a ajiye shi a aljihun ciki, in ba haka ba ya zama tsakuwa. Gorar ruwa a kife ta, domin daga sama ruwa ke fara ƙanƙara, kada murfin ya toshe. Waya da batir su ma a jikin ƙirji. Batun alwala da ruwa a irin wannan sanyi kuwa, a tambayi malami hukuncin taimama kafin a bar gida.

Rashin barci, ɓatan hanya da zamewa a kan ƙanƙara su ma suna kayar da mutane. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya biya kuɗin rajista.

In sanyi ya riga ya kama mutum, a fitar da shi daga iska, a shimfiɗa wani abu tsakaninsa da ƙasa, a canza masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai, a kira masu ceto. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a jijjiga shi. Yatsan da ya yi fari, ya sandare, ba ya jin taɓi, ba a kanga shi a wuta kuma ba a goga masa dusar ƙanƙara. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake sa shi, shi ma sai an isa inda aka tabbata ba zai sake daskarewa ba.